Baƙin da Suka Gundure Mutanen Ingila

Da na fara karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, zatona Turawan Ingila da Amurkawa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ashe ba haka ba ne. Tun 1942 da sojan Amurka suka fara sauka Ingila ake ta gunaguni a kansu: albashinsu ya ninka na sojan gida, ga surutu, ga fankama, ga janye 'yan mata da cakulan.

Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne rikicin ƙauyen Bamber Bridge a Yunin 1943. Fararen 'yan sandan sojan Amurka suka zo kama wani baƙin sojansu a mashaya, sai mutanen ƙauyen suka tsaya masa. Daren nan aka harbe baƙin soja ɗaya. A lokacin kuwa Ingila ce ke mulkin Kano.