Ganuwa da Dutse: Tarihin Hanyar Kano zuwa Roni ga Mai Niyyar Gajeruwar Tafiya

A ƙasar Faransa akwai wani yanki a bakin kogin Luwar wanda masu yawon buɗe ido suka mayar wurin zuwa duk shekara. Mutum yakan tashi daga Faris, ya yi kwana uku ko huɗu yana bin garuruwan Blois da Amboise da Tours da Saumur, da safe ya shiga tsofaffin fadoji na dutse, da yamma ya ratsa gonakin inabi waɗanda ake yin giya da 'ya'yansu. An riga an share masa hanya: akwai taswira, akwai ɗan jagora, kowane gini kuma an rubuta shekararsa a bakin ƙofa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wani ɓangare na wannan kwari cikin jerin kayan tarihin duniya. Manufar wannan maƙala ita ce a duba ko ana iya shirya irin wannan tafiya a arewa maso yammacin Jigawa, wato ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Baɓura, da kuma abin da matafiyin zai tarar idan ya je. Tambayar ba ta da sauƙi kamar yadda za a zata, domin ita ma wannan ƙasa ta ganuwa ce da fadoji da yaƙe-yaƙe, amma abin da ta bari a bayan ƙasa ba irin na Faransa ba ne.

Ya kamata a fara da kalmomi, tun da su ne suka fi ginin daɗewa. Bahaushe bai tara kariyar gari a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Akwai kafi, wato shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye ƙauye, shi ya sa har yau ake jin sunaye irin su Kafin Hausa da Kafin Madaki. Akwai garu, bangon ƙasa. Akwai ganuwa, wadda ta haɗa tudun ƙasar da ramin da aka haƙa a bayansa. Akwai badala, inda maharba suke tsayawa daga ciki. A bayan ramin kuma sau da yawa akan bar sarƙaƙiya ta yi duhu, don doki ba ya ratsa ƙaya da gudu. Garin da ya sami cikakkiyar ganuwa shi ake kira birni. Bayan jihadi aka ƙara kalmar ribaɗi daga Larabci, wato garin da aka kafa ko aka ƙarfafa a bakin iyaka don tsaro. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba wannan tsari muhimmanci ƙwarai, shi kansa ma a ribaɗinsa na Wurno ya rasu a 1837. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi a ka, ya riga ya sami rabin taswirar tafiyarsa.

Tafiyar takan fara ne daga Kano, kuma zangon farko bai kai ko'ina ba, wato Fanisau, a arewa da birni. Dalilin tsayawa a nan shi ne rikicin da ya haifi masarautar Kazaure. A 1819 Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu, aka naɗa Ibrahim Dabo na Sulluɓawa. Manyan Fulani da dama suka ƙi yi masa mubaya'a, kamar yadda Alƙali Muhammadu Zangi ya bayar da labari a littafinsa Taƙyidul Akhbar. Dabo ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shawo kansu, in ban da mutum guda, wato Ɗantunku na Yarimawa, wanda ya yi aiki a jihadi a arewacin Kano, yake kuma zaune a Ɗambatta. Shi a ganinsa tutarsa daga Shehu take, saboda haka ba ya ƙarƙashin kowa sai Sakkwato. Aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, a sansanin Fanisau ya je ya gaida Dabo, ya kuma ambaci Ɗantunku a littafinsa a matsayin ɗan tawayen da ya hana ƙasa sakat. Ke nan Bature na farko da ya rubuta labarin Kano da idonsa, a tsakiyar wannan yaƙi ya same ta.

Daga Fanisau sai Ɗambatta, daga nan sai Kazaure, wadda take kimanin kilomita 80 daga Kano a kan hanyar Daura. Mota takan yi wannan tafiya kafin a gama hira, amma ayarin jakuna yakan yi zango uku ko huɗu. Yana da kyau matafiyi ya rage gudu bayan Ɗambatta, ya lura da yadda ƙasa take sauyawa. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, wadda doki yake sukuwa a cikinta yadda ya ga dama, takan fara tsinkewa, sai jerin duwatsu su bayyana, dogaye masu tsini, waɗanda suka miƙa daga wajen Kazaure zuwa ƙasar Roni. A nan ne asirin tarihin yake. H. A. S. Johnston, a littafinsa na 1967 kan daular Sakkwato, ya nuna cewa Ɗantunku ya janye zuwa cikin duwatsun Kazaure, inda rundunar Kano ba ta iya gama da shi ba. Daga bisani Sarkin Musulmi Bello ya shiga tsakani, ya tabbatar wa Ɗantunku cin gashin kansa. Haka aka sami ƙaramar masarauta a tsakanin manya uku, Kano da Katsina da Daura, wadda aka yanko ƙasarta daga jikinsu.

Abin lura a nan shi ne, Kazaure ba ta tsira don tsawon bango ba. Kano tana da ganuwar da Tarihin Kano ya ce an fara ta tun zamanin Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, tana da dawaki da jama'ar da Ɗantunku ba zai taɓa tarawa ba. Abin da yake da shi dutse ne. Barde mai lifidi a fili yake da ƙarfi, idan ya shiga tsakanin duwatsu sai ya zama abin hari ga ɗan baka da yake laɓe a sama. Don haka wanda ya je Roni yana neman hasumiya irin ta Turai ya yi kuskuren tambaya. Hasumiyar ita ce dutsen da yake gabansa. Abin da ya dace ya yi shi ne ya hau da sassafe, ya duba nisan da ido yake kaiwa, ya lissafa tun daga ina mai gadi zai hango ƙurar mahara, da yawan lokacin da manomi zai samu ya kwashe iyali da dabbobi. Wannan lissafi ya fi kowane allo bayani, kuma ba a yinsa daga cikin ɗakin karatu.

Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi sarauta har 1857. A zamanin Dambo ne aka faɗaɗa garin Kazaure, aka yi masa ganuwa, aka gina fada. Bayansa Muhammadu Zangi ya yi daga 1857 zuwa 1886, sannan Muhammadu Mayaƙi daga 1886 zuwa 1914. A wannan rabin ƙarni barazanar ta juya. Ba daga Kano take zuwa ba, daga arewa take, wato Damagaram. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Zinder da katafariyar ganuwa, ya tara bindigogi, har ya sa aka ƙera masa igwa. Ƙasashen Haɓen Daura na Zango da Ɓaure ma suna ƙarƙashin inuwarsa. Wannan shi ya sa Baɓura, garin Kano na bakin iyaka, ta zama mai muhimmanci, domin tana fuskantar hanyar da mayaƙan arewa suke biyowa. Matafiyin da ya ware yini na uku don Baɓura zai ga bambanci nan da nan: can babu duwatsun fakewa irin na Roni, ƙasa ce ta rairayi a buɗe, tsaronta kuwa sai da bango da mutane. Yana da kyau kuma ya tuna cewa Baɓura ba ta cikin masarautar Kazaure. Da can ta Kano ce, bayan an ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991 ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim.

Wani abin mamaki shi ne, Faransawan da aka fara maganar fadojinsu su ne suka kawar da wannan barazana. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, a 1899 sojojin Faransa suka ci garin, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa. A watan Fabrairu na 1903 kuma Turawan Ingila suka ci Kano, aka sa Kazaure cikin lardin Kano da sarkinta. Cikin shekara huɗu dalilin ganuwa ya gushe gaba ɗaya.

To, a nan ne tarihin ƙasashen biyu ya rabu, kuma rabuwar ta cancanci a tsaya a kanta. Su ma fadojin Luwar da tsaro suka fara. Chinon, inda Jeanne d'Arc ta sadu da Charles na Bakwai a 1429, sansanin yaƙi ne sosai. Amma da yaƙi da Ingila ya ƙare, igwa kuma ta rage wa bango daraja, sai sarakuna da attajirai suka mai da ginin abin ado. Chambord, wadda François na Ɗaya ya fara a 1519, shekara 300 daidai kafin tawayen Ɗantunku, tana da siffar sansani amma gidan farauta ne da nuna isa. Waɗanda suka rage da haƙoransu kuwa, gwamnati ta bi su: a 1626, zamanin Richelieu, aka ba da umarnin rushe sansanonin da ba na bakin iyaka ba, don kada masu sarauta su fake a ciki su yi tawaye. Wato abin da ɗan yawon buɗe ido yake kallo a yau, galibinsa gidajen shaƙatawa ne na mutum ɗaya da iyalinsa. Ganuwar Hausa kuwa ba gidan kowa ba ce. Ta kewaye sarki da talaka, da rijiya da kasuwa da masallaci, har da filin noma don ranar da aka rufe ƙofa. Ba za a iya mai da ita gidan hutu ba.

Bugu da ƙari, akwai maganar kayan gini. Fadojin Luwar da wani farin dutse mai laushi aka gina su, wanda aka sassaƙo daga gaɓar kogin, ramukan da aka bari kuma su ne suka zama ɗakunan ajiye giyar inabi saboda sanyinsu. A ƙasar Hausa ma ginin ya bar rami, sai dai sunansa kududdufi, inda aka ɗebi ƙasar tubali, ya koma matattarar ruwa da wurin shayar da dabbobi. Amma dutse yana jure sakaci na shekara ɗari, ƙasa kuwa ba ta jure damina goma. Ganuwa tana tsayawa ne muddin ana fita gyaranta bayan kaka, unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, kowa da rabonsa. Da aka daina tsoron mahara, aka daina kiran gayya, sai ruwa ya fara aikinsa, masu neman ƙasar gini da masu neman fili suka ƙarasa. Waɗanda suke ɗora laifin duka a kan rashin kishin mutanen yanzu ba su yi adalci ba. Abin da ya riƙe bangon tsoro ne da ikon sarki na tara mutane aiki, kuma babu mai fatan dawowar ko ɗaya daga cikinsu. Amma kuma ba a ce hukuma ba ta da nata kason ba. Faransa ta naɗa Prosper Mérimée mai duba gine-ginen tarihi a 1834, ta fitar da jerin farko na waɗanda za a kare a 1840. A Nijeriya dokar kayan tarihi ta zo a 1953, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma a 1979, hankalinsu kuwa ya fi karkata ga manyan birane. Ko ganuwar Kano, wadda aka sa cikin jerin jiran UNESCO a 2007, kowa ya ga yadda aka yi ta cin ta, balle ta ƙananan garuruwa.

Saboda haka shirin wannan tafiya ya sha bamban da na Luwar. Can tikiti ake saye, nan izini ake nema. Baƙon da ya san ya kamata yakan fara da ƙofar hakimi ko dagaci, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da dattijon da zai zaga da shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kawar da amfanin gona, domin da damina dawa da gero sukan rufe duk wata alama, idan hunturu ya yi tsanani kuma hazo yakan hana hange daga kan dutse. Kwana uku sun isa: ɗaya daga Kano zuwa Kazaure, ɗaya cikakke a Roni, a leƙa Gwiwa idan rana ta bari, na ƙarshe a Baɓura.

Abin da zai nema kuwa sai ya koya wa idonsa. Doguwar tudun ƙasa da ta ratsa gona a lanƙwashe, kwarin da ya bi gefenta, layin kukoki a wurin da babu gida, wanda sau da yawa alamar kufai ce, tsofaffin karofi, da unguwar da ake kira da sunan ƙofa alhali babu ƙofa a wurin. Sunayen nan su ne suka fi saurin ba da amsa. Idan aka tambayi dattijo dalilin da ya sa ake ce wa wani wuri bayan ganuwa, ko ƙofar gabas, yakan tashi ya nuna da sandarsa inda bangon ya bi, wa ya ba shi labari, da kuma gidan da aka ɗora wa gyaran wannan ɓangare. Ɗalibin da ya je da rikoda da littafin rubutu, ya kuma auna tsawon abin da aka nuna masa da taku, zai dawo da bayanin da ba ya cikin Johnston ko Clapperton. Dattawan da suka ji daga bakin waɗanda suka ga zamanin Mayaƙi sun kusa ƙarewa, waɗanda suka ji daga gare su ne ake samu a zaure bayan la'asar.