Yadda bindiga ta shiga aljihun mutanen Amurka

Ya kai mai karatu, ka san masu riƙe bindiga a garinku. In ba soji ba, to jandarma ne, ko kuwa mahalbi. Shi mahalbi gado ya yi. In zai fita daji yakan rataya ta a kafaɗa, kowa na gani.

To, akwai wata ƙasa mai suna Amurka, inda bindiga ta zama kayan gida kamar gatari ko hauya. Wata cibiyar bincike da ke birnin Janeba na ƙasar Suwis ta ƙiyasta cewa cikin 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula na Amurka. Wato kowane mutum 100 na da bindiga 120. Bindigogi sun fi mutane yawa. Wani ma da tasa yake shiga kasuwa, a ɓoye ƙarƙashin riga, kuma doka ba ta hana shi ba.

Kada ka zaci tun asali haka abin yake. Kakanninsu sun ɗauki ɓoye makami abin kunya, har suna hukunta mai yin haka. Ga yadda al'amarin ya juya.

Bindigar farko

Turawan da suka ƙetare teku daga Ingila suka zauna Amurka, da bindiga suka je. Da ita suke farauta. Da ita kuma suka yaƙi ƴan asalin ƙasar, suka ƙwace musu ƙasa. Daga 1775 zuwa 1783 suka yi yaƙin neman ƴanci da Ingila. A farkon yaƙin ba su da rundunar soji ta sosai. Manoma ne da masu sana'a suka fito, kowane gari da mayaƙansa.

Saboda haka, da suka samu ƴanci, cikin 1791 suka ƙara wani sashe a tsarin mulkinsu. Ma'anarsa ita ce, tun da ƙasa na bukatar mayaƙan gari masu horo, ba za a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makami da ɗaukarsa ba. Cikin 1792 suka yi doka cewa duk namiji farar fata mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya rubuta sunansa cikin mayaƙan garinsu, ya kuma nemi bindiga da kuɗinsa.

Ka lura, farar fata aka ce. Bayin da aka kwaso daga Afirka, dokokin jihohin kudu sun hana su riƙe makami sai da yardar ubangijinsu. Ko bayan an soke bauta cikin 1865, wasu jihohin kudu sun sake yin doka don hana baƙaƙe bindiga.

Bindigar wancan zamani doguwa ce, irin ta mahalbanmu. Ta baki ake ɗura mata albarushi. In ta tashi sau ɗaya, sai an sake ɗuri. Irin wannan ba ta ɓoyuwa cikin riga.

Lokacin da ɓoye makami ke abin kunya

Amurka a yau jihohi 50 ne, kowace da dokokinta. Cikin 1813 jihohi biyu, Kentaki da Luwiziyana, suka hana yawo da makami a ɓoye, ko wuƙa ce ko ƙaramar bindigar aljihu. Wasu jihohin suka bi sahu. Dalilinsu mai sauƙi ne. Gardama kan tashi wajen caca ko shan giya, kafin a raba, wani ya zaro abin da ba a san yana ɗauke da shi ba. Cikin 1850 babbar kotun Luwiziyana ta tabbatar da wannan doka. A ganin alƙalan, namiji na ƙwarai a fili yake ɗaukar makaminsa, mai ɓoyewa kuwa kisan mummuƙe yake nema.

Ana nan sai ƙira ta ci gaba. Cikin 1836 wani mutum mai suna Samuwel Kolt ya samu takardar mallakar wata ƙaramar bindiga mai juyi. Ita tana tashi sau 5 kafin a sake ɗuri, daga baya aka yi mai 6. Ya gina babbar masana'anta a garin Hatfod, inda injuna ke ƙera ta da yawa. Sa'an nan aka yi yaƙin basasa tsakanin arewa da kudu, daga 1861 zuwa 1865. Mutum fiye da 600,000 suka mutu. Da aka sallami sojin arewa, aka yardar musu su sayi bindigoginsu su tafi da su gida.

Ƙaramar bindiga ta yi ɓarna har a fadar mulki. Da ita aka kashe shugaba Linkon cikin 1865. Cikin 1901 wani ya lulluɓe tasa da hankici, ya shiga layin masu gaisawa da shugaba Makinli, ya halbe shi.

Wataƙila ka taɓa kallon silimar kaboyi, inda kowa ke yawo da bindiga a ƙugu. Silima ta ƙara gishiri. Yawancin garuruwan nan na yamma suna da doka. A garin Tumston, cikin 1881, an hana yawo da makami cikin gari. Baƙo in ya iso, sai ya ajiye bindigarsa a masauki. Faɗan da ya fi suna a garin, wanda aka kashe mutum 3, ya tashi ne lokacin da ƴan doka suka je karɓe makaman wasu makiyaya. Haka nan cikin 1911 jihar Niyok ta ce ba mai riƙe ƙaramar bindiga sai da takardar izini.

Uba da ɗansa

Amma doka daban, tarbiyyar gida daban. A ƙauyukan Amurka farautar barewa da agwagwar ruwa al'ada ce. In lokacinta ya yi, uba kan tashi ɗansa da asuba su shiga daji. Yana koya masa yadda ake saita bindiga, yadda ake goge ta, da cewa ba a nuna mutum da bakinta ko da wasa. Ran da uba ya ba yaro tasa ta kansa, ran nan yaron ke jin ya zama mutum. Bindigar kaka kuwa akan adana ta, ta bi hannu zuwa jika. Ka ga dai kamar yadda ɗan mahalbi ke tashi a nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Masu ƙera bindiga sun gane wannan. Bayan yaƙi ciniki kan faɗi, sai su nemi masu saye a cikin gidaje. Cikin 1918 kampanin Winchester ya kafa ƙungiyar koya wa yara halbi, ana ba su lambobin yabo. Tallarsa a jaridu tana kiran uba ya saya wa ɗansa bindiga. A lokacin har ta gidan waya ana sayenta. Mutum ya zaɓa cikin littafin kanti, ya aika kuɗi, a kawo masa.

Akwai kuma wata ƙungiya mai suna NRA. Tsofaffin sojin arewa ne suka kafa ta a Niyok cikin 1871, don sun ga samarinsu ba su iya saiti ba. Shekaru da yawa aikinta shi ne gasar halbi da koyar da mafarauta.

Binciken da cibiyar Pew ta yi cikin 2017 ya nuna ƙarfin wannan gado. Cikin manya 100, mutum 30 sun ce suna da bindiga. A karkara 46 ne, a birni 19. Cikin masu bindiga 3, biyu a gidan da ke da bindiga suka tashi. Maza kan samu ta farko wajen shekara 19, mata kuwa wajen 27.

Farauta ta ragu, tsoro ya ƙaru

Sannu a hankali mutane suka bar gona suka koma birni. Mafarauta suka ragu. Daga shekarun 1960 fashi da kisa suka yawaita a manyan birane. Cikin 1963 aka halbe shugaba Kenedi da bindigar da aka saya ta gidan waya. Cikin 1968 aka halbe Matin Luta Kin, jagoran neman ƴancin baƙaƙe, da kuma ƙanen Kenedi. A shekarar nan majalisa ta ƙara tsaurara dokar sayar da bindiga.

Nan mutanen ƙasar suka rabu biyu. Wasu suka ce a rage bindigogi. Wasu suka ce a'a, mugu ba ya bin doka, a bar mutumin kirki ya kare kansa. Cikin 1977, a taron NRA na birnin Sinsinati, masu ra'ayi na biyu suka karɓe shugabanci. Daga nan ƙungiyar ta zama ta siyasa, tana yaƙi da dokokin taƙaita bindiga.

Dalilin riƙe bindiga ma ya sake. Cikin 1999 aka tambayi masu ita. Cikin 100, mutum 49 suka ce don farauta, 26 suka ce don tsaro. Da aka sake tambaya cikin 2013, mutum 48 suka ce tsaro, 32 suka ce farauta. Mai neman tsaro kuwa ba doguwar bindiga yake so ba. Ƙarama yake so, wadda zai soke a ƙugu ko mace ta saka a jaka.

Sai dokoki suka fara bin wannan ra'ayi. A da, a yawancin jihohi, ko dai an hana ɓoye bindiga, ko kuwa sai hukuma ta ga dama take ba da izini. Cikin 1987 jihar Fulorida ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa, ba shi da tabon babban laifi, tilas a ba shi takarda. Jihohi da yawa suka kwaikwaya. Cikin 2008 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa sashen nan na 1791 ya ba mutum haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa, ko da ba ya cikin mayaƙa. Cikin 2013 jihar Ilinoyi, wadda ita kaɗai ta rage, ta yarda da ɗaukar bindiga a ɓoye. Cikin 2022 kotun ƙolin ta soke sharaɗin Niyok da ke cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman. Zuwa 2024, jihohi 29 sun ce ko takardar ma ba a bukata.

Ka ƙirga da kanka. Daga 1813 zuwa 2013 shekara 200 ke nan. Abin da kaka ya kira aikin matsorata, jika ya kira shi haƙƙi.

Abin da aka biya

A yi adalci. Mafi yawan masu bindiga a Amurka ba su taɓa halbin kowa ba. Manomin da gidansa ke nesa da ƴan sanda yana da hujja in ya ce kafin a kawo masa ɗauki an gama da shi.

Amma ga lissafin hukumar lafiya ta ƙasar. Cikin 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830. Fiye da rabinsu ba ɓarawo ne ya halbe su ba. Su suka kashe kansu. Baƙin ciki kan zo ya wuce, amma in bindiga na kusa, ba ta ba mutum lokacin sake tunani. Cikin 2020 kuma bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa daga shekara 1 zuwa 19.

Gadon gida ma kan zama masifa. Cikin 2012, a jihar Konetikat, wani saurayi mai shekara 20 ya ɗauki bindigogin mahaifiyarsa. Ita ce takan kai shi filin koyon halbi. Ita ya fara kashewa, sa'an nan ya shiga wata lakwal ya kashe yara 20 da manya 6. Cikin 2021, a jihar Mishigan, wani uba ya saya wa ɗansa mai shekara 15 ƙaramar bindiga kyauta. Bayan kwana 4 yaron ya kai ta lakwal cikin jaka, ya kashe ɗalibai 4. Cikin 2024 kotu ta kama uwar da uban da laifin sakaci, ta ɗaure kowanensu shekara 10 zuwa 15 a gidan kaso.

Mu kuma fa?

Kana iya cewa Amurka na da nisa. Amma tambayar ta iso ƙofarmu. Cikin 2019 dubban mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga. Cikin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu. Wanda aka kore wa shanu ko aka sace masa ɗiya, ba a ganin laifinsa in ya yi wannan tunani.

Sai dai tarihin Amurka ya nuna abu ɗaya. Bindigar da ta shiga gida ba ta fita da sauƙi. An saye ta don yaƙi, yaƙi ya ƙare, ta zauna. An riƙe ta don farauta, farauta ta ragu, ta zauna. Yaran gida suna tashi suna ganinta, su ma su saya wa nasu.

Saboda haka, in kana da bindigar gado, kada ka bar ta da ɗuri cikin ɗaki. Ka raba ta da albarushi, ka ajiye inda hannun yaro ba ya kai. In kuma maganar sayen makami ta taso a dandalin garinku, ku tattauna da mai gari da hukuma. Ku tambayi kanku: ran da ɓarayin nan suka ƙare, wa zai tattara bindigogin, kuma a hannun ɗan wa za su kasance?