Cinikin biri a sama: daga mandar gidan waya zuwa lambar kati

A Azarori da Madawa da Buza da Keita, yanzu da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da saurayi ko budurwa mai ɗora hoton kaya a WhatsApp ba: atamfa, takalma, turare, kilishi, har buhun albasa. Mai saye yana Yamai ko Agadas, wani ma yana Abijan. Bai taɓa kayan da hannunsa ba, bai kuma san fuskar mai kayan ba. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a ɗalibanmu ne na jiya, kuma sun ɗauka wayar hannu ce ta haife ta. Ƴan uwana malamai da iyaye, ina ganin ya kamata mu gaya musu cewa sana'ar ta haura shekara 150 a duniya, kuma tambayar da ke cikinta ɗaya ce tun farko: idan ciniki ya lalace tsakanin mutum biyu da ba su ga juna ba, wa zai ɗauki asarar?

Kakanninmu suna da tasu amsar. Farke da ya kai kaya Gwanja don ya sayo goro yakan sauka gidan mai masauki, shi ne zai haɗa shi da dillali, shi ne kuma zai tsaya masa idan an ba da bashi. Wanda ba a sani ba yana cin albarkacin wanda aka sani. Ciniki babu irin wannan tsani kuwa, shi Bahaushe ya kira cinikin biri a sama.

Turawa sun nemo wani tsanin, wato gidan waya. A 1861 wani mai sayar da yadi a ƙasar Wels, Pryce-Jones, ya fara aika wa mutane jerin kayansa, su zaɓa, ya tura musu ta gidan waya. A 1872 Montgomery Ward ya buɗe irin wannan kasuwanci a Cikago ta Amurka. An kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a 1874, aka amince da aika kuɗi ta manda tsakanin ƙasashe a 1878, sannan aika ƙunshin kaya a 1880. Da waɗannan uku suka haɗu, wasiƙa da manda da ƙunshi, sai kundin hotunan kaya, wanda ake kira katalog, ya zama kanti mai tafiya.

Mu ta hannun Faransa ya iso mana. Kamfanin Manufrance na birnin Sant-Etiyen, wanda aka kafa a 1885, yana buga katalog mai kauri da ke yawo har ƙasashen da Faransa ta mallaka. A cikinsa akwai keken hawa Hirondelle, da keken ɗinki Omnia, da bindigar farauta Simplex. La Redoute ta fitar da nata katalog ɗin na farko a 1928, 3 Suisses kuma ta biyo baya a 1932. Lokacin da nake makarantar horon malamai, tsofaffin da suka koyar da mu sukan ba mu labarin yadda abin yake a zamaninsu. Mushe ɗaya ne a gari ke da littafin, sauran ma'aikata su ara. Mutum ya zaɓi abin da yake so, ya cika takardar oda, ya jira ƙarshen wata, ya je gidan waya ya yanki manda, sannan ya zauna jira makonni ko watanni.

Ku lura da inda asara take a wannan tsari. Kuɗi ne ke fara tafiya, saboda haka haɗarin yana wuyan mai saye. Akwai wata hanyar da ake aiko kaya, sai mutum ya biya a gidan waya kafin a miƙa masa. A nan kuma kamfani ne ke ɗaukar haɗari, don mai oda yana iya ƙin zuwa. Ko ta wace hanya aka bi, ma'aikacin gidan waya ba ya tambayar wace irin sana'a mai karɓar kuɗin yake yi. Shi dai nasa ladan aikawa.

Katin banki ne ya sauya wannan. Diners Club ya fito a 1950, BankAmericard a 1958, wanda ya koma Visa a 1976. An tsara katin ne don cinikin ido da ido: ka miƙa kati, a danna shi a kan takarda, ka sa hannu. Mai katalog kuwa lambar katin kawai yake samu ta wasiƙa ko tarho, babu kati, babu sa hannu a gabansa. A 1974 Amurka ta yi dokar da ta bai wa mai kati damar ƙalubalantar kuɗin da aka cire masa, alal misali idan kaya ba su iso ba. Kamfanonin kati suka shimfiɗa ƙa'idar mayar da kuɗi ko'ina katinsu ke aiki. Daga nan asara ta bar wuyan mai saye. Idan da katin sata aka yi oda daga nesa, galibi ɗan kasuwa ne ke biya; idan shi kuma ya karye, bankin da ya buɗe masa asusu ne zai biya. Banki ya zama mai masauki ke nan, kuma mai masauki dole ya san irin baƙon da ya sauka gidansa.

Abin da ya sa ake liƙa wa kowane ɗan kasuwa mai karɓar kati lamba mai alƙaluma huɗu ke nan, lambar rukunin sana'a, wadda ake taƙaitawa MCC. An tattara waɗannan lambobi cikin ma'aunin duniya ISO 18245 a 2003. Kantin littattafai 5942 ne, makarantun firamare da sakandare 8211, caca 7995. Mai sayarwa ta katalog kaɗai, wanda ba shi da kanti, 5964 ne. Wanda ya haɗa katalog da kanti 5965. Ba ɗan kasuwa ke zaɓa ba, bankinsa ne ke ba shi. Kuma lambar tana tafiya tare da kowane ciniki har zuwa bankin mai saye.

Lambar tana taɓa mai katalog ta fuska huɗu. Na farko, tana cikin abubuwan da ake dubawa wajen yanke kason da ake cire masa a kowane ciniki, kuma cinikin da kati ba ya nan ya saba fin na gaban kanti tsada. Na biyu, idan banki ya ga sana'ar tana da haɗari, yakan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kasuwa na watanni, saboda mai saye yana da kusan kwana 120 na kai ƙara. Na uku, bankin mai saye yana iya ƙin biya tun kafin ya san sunan kantin, kuma katunan ma'aikatu sau da yawa an toshe musu wasu rukunoni. Na huɗu, tukuicin da wasu bankuna ke bai wa mai kati idan ya sayi wani irin kaya yana bin lamba ne, ba kayan ba: littafi ɗaya, a kanti a samu tukuici, ta katalog a rasa. Ga kuma maƙwabtaka: 5966 da 5967, na masu talla da ciniki ta tarho, sun daɗe cikin rukunonin da kamfanonin kati ke sa wa ido sosai. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ba lambar ce ta kashe manyan katalog ba. Manufrance ta durƙushe tun 1980. A wajenmu karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka farashin duk abin da ake oda daga Faransa cikin dare ɗaya, don faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Sears ta Amurka ta bar babban katalog ɗinta a 1993. Sauran aikin intanet ta ƙarasa: 3 Suisses da La Redoute suka bar nasu wajen 2014 da 2015. Littafin ya tafi, amma hukuncin da aka gina dominsa yana nan. Mai shagon intanet a yau galibi lambar irin kayansa ake ba shi, sai dai alamar cewa kati ba ya nan tana manne da kowane cinikinsa.

To, ina ruwan Azarori? Ko da yake ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suna da tsarin katinsu, GIM-UEMOA, tun 2003, yawancin cinikin yaranmu ta Nita da Al Izza da Airtel Money yake bi. Wannan manda ce a sabuwar riga: kuɗi gaba, kaya baya, haɗari a kan mai saye. Shi ya sa cinikin ba ya wuce inda aka san direba ko ɗan uwa da zai tsaya. Baƙon da ke wata ƙasa kati zai so ya yi amfani da shi, domin kati ne ke kare shi. Ranar da yaronmu ya nemi wannan baƙo, ranar zai gamu da lamba.

Mu malamai muna iya shirya shi tun daga darasin lissafi. Misali: an sayar da kayan jikka ɗari, wato sefa 100,000, an sayo su 88,000. A ƙaddara an cire kashi 3 cikin ɗari na ladan kati, an riƙe kashi 10. Nawa ya shigo hannu? 87,000. Riba tana nan a rubuce, amma kuɗin sake sari bai cika ba. Yaron da ya warware wannan a allo zai san tambayoyin da zai yi wa banki: wace lamba kuka ba ni, nawa za ku cire, nawa za ku riƙe, har zuwa yaushe? Mu koya masa ya adana shaidar aika kaya da ta karɓa, kada kuma ya ɓoye ainihin sana'arsa don neman lamba mai sauƙi, domin idan aka gano rufe asusun ake yi.

Iyaye kuma, idan ɗa ya zo neman jari don sayarwa ta waya, kafin a ƙirga masa kuɗi a yi masa tambayar da kakanninmu ke yi wa farke: a can inda za ka, wa zai tsaya maka? Allah ya sa wa nemansu albarka.