Cikal 1980: ɗakin da aka rufe ba a sare itace ko ɗaya ba

In kun riƙe, a shirinmu na tarihi mun tabo maganar gini ba itace, lokaci ya ƙare ba mu kai ƙarshenta ba. To ga ta nan a rubuce.

Ku tuna yadda iyayenmu ke rufin soro. In an gama bango, sai a jera manyan itatuwa a kai, a shimfiɗa ƙananan sanduna da kara ko zana, sannan a zuba laka. Mai hali ya sayi azarar giginya, wadda ake kawowa tun daga wajen Gaya. Marar hali ya ɗauki gatari ya shiga daji. Ɗaki guda, itatuwa da dama sun faɗi. Gara kuma ba ta da kunya, bayan 'yan shekaru ta cinye, a koma daji. Muddin mutane kaɗan ne kuma ruwa na sauka, daji na iya maida abin da aka ɗiba. Farin 1973 ya karya wannan lissafi. Itatuwa suka bushe a tsaye, dabbobi suka ƙare, iska ta fara kwashe ƙasar gona.

Bayan wannan fari ne aka kafa furojen Tapis Vert a Cikal, nan kusa da Filinge, don farfaɗo da ƙasa. A 1980 furojen ya gayyato masu zanen gini na ƙungiyar Development Workshop, mutanen da suka yi aiki tare da Hasan Fathi, shahararren mai zanen gini na Masar. Abin da suka zo da shi tsohuwar dabara ce ta Nubiyawan kudancin Masar da mutanen Iran, ƙasashen da itace ya daɗe da yin wuya: a rufe ɗaki da tubalin laka zalla. Da maginan wurin aka tada ɗakin yaƙi da jahilci, kuma daga nan Cikal ɗin aka fara abin da Faransanci ke kira construction sans bois a yankin Sahel.

Wanda bai taɓa tsayawa ya ga ana yinsa ba, ya yi asarar kallo. Ana buga ƙananan tubala, su bushe a rana. In rufin baka za a yi, magini ya zana siffar bakan a jikin bangon ƙarshe, ya liƙa layin farko a jingine da bangon, na biyu ya jingina da na farko, haka har ya kai ɗaya gefen. Ba tokara, ba katako a ƙasa. In tulluwa ce, sai a kafa ƙarfe a tsakiyar ɗaki da sanda ko waya mai juyawa, ita ke nuna wa magini inda kowane tubali zai zauna, zobe bisa zobe har bakin ya rufe. Wallahi in ka kwanta ciki ka ɗaga kai, kamar kana cikin ƙwarya da aka kife. Ga sanyi a watan Afrilu, lokacin da mai tol ke kwana waje. Mu dai a wajenmu wannan fasaha ce, ba ta gaza aikin mai sassaƙar ƙwarya ko mai saƙar tabarma ba.

Kada wani ya ce Hausawa ba su san baka da tulluwa ba sai da baƙi suka zo. Daurin guga namu ne. Ku dubi masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ko masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina har ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Sai dai daurin guga da itace a cikinsa, laka ce ta lulluɓe shi. Abin da ya zo Cikal shi ne cire itacen gaba ɗaya.

Daga nan dabarar ta tafi Iferwan cikin Ayar, ta shiga Mali da Burkina Faso, aka horar da magina, har shirin ya ci kyautar World Habitat a 1998. Abin haushin shi ne, sunan Cikal ya fi fitowa a takardun Turawa da bakin yaranmu 'yan lakkol.

Gaskiya ginin na da sharaɗinsa. Yana son yaɓe kafin kowace damina, yana son indararo mai kyau, yana son magini da ya koya da gaske; in aka yi ganganci ruwa ya kwanta a kai, zai tsage. Wasu kuma har gobe tsoro suke ji su kwana ƙarƙashin laka da ba abin da ya tokare ta. Sannan ga maganar ido: ɗan ci-rani in ya dawo da kuɗi, siminti da tol yake so, a san ya samo. Ba mu ga laifinsa ba, amma mun san zafin ɗakin.

Yanzu abin da muke nema gare ku: maginan da suka koyi aikin nan a farkon shekarun 1980 sun manyanta. In akwai ɗaya a garinku, a Cikal ko Tunfalis ko Tukunus, ku sanar da mu, za mu ɗauki rakoda mu same shi har gida.