Jeren Ɗaki da Mas'alar Rage Kaya

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin masu hali na Amurka da Turai da Japan, ta mutum ya tashi takanas ya kwashe kayan da suka cunkushe masa gida, ya kyautar da wasu, ya zubar da wasu, har ya zauna da ɗan abin da ba makawa sai da shi. Wadda sunanta ya fi fita a wannan fage ita ce Marie Kondo, mutuniyar Japan, wadda aka fassara littafinta zuwa Ingilishi a 2014, kuma ma'aunin da ta kafa shi ne mutum ya riƙe kowane abu a hannunsa ya saurari zuciyarsa, in ya ji farin ciki ya ajiye, in bai ji ba ya sallame shi. Tun da yake maganar ta fara ratso wayoyin samarinmu da 'yan matanmu, wajibi ne a auna ta da hankali, domin cutar da take nufin magancewa muna da irinta, amma maganin ba don jikinmu aka harhaɗa shi ba.

Aibin wannan ma'auni shi ne, daga zuciyar mai kaya yake farawa, a nan kuma yake tsayawa, bai tambayi inda kayan za su nufa bayan sun bar ƙofar gida ba. Mu kuwa mun san inda suke nufa, domin da yawa daga cikin tufafin da ake fitarwa daga waɗancan gidaje su ne ake ɗaurewa dila-dila a loda a jiragen ruwa, a sauke su a matsayin gwanjo a kasuwanni irin su Kantamanto ta Accra da Ƙofar Wambai ta Kano, inda ɗan kasuwa zai sayi dila a rufe, ya kwance ya tarar wani kaso nata tsumma ne da ba mai saye. Bugu da ƙari, zubar da abu cikin sauƙi hali ne na wanda ya tabbata in ya buƙace shi gobe zai sake saye. Talakan da ke adana tsohuwar gwangwani da guntun igiya ba kwaɗayi ke sa shi ba, sanin ranar buƙata ne.

Malamanmu sun daɗe da yin bahasi a kan wannan mas'ala a babin zuhudu da ƙana'a, kuma sun fi zurfafawa. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya yi gargaɗi cewa barin dukiya abu ne mai sauƙi ga wanda yake son a yabe shi da gudun duniya, don haka ɗakin da aka share fes domin a ɗauki hotonsa a nuna wa jama'a bai kuɓuta daga riya ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma, wajen shekarar 1807, da ya ga wasu daga cikin jama'ar jihadi sun karkata ga neman mulki da tara tufafi masu tsada da dawakin ado, ransa ya ɓaci har ya rabu da runduna ya nufi gabas da niyyar hajji, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. Abin da ya dame shi ba cunkoson ɗaki ba ne. Ya lura ne cewa tara kayan alfahari da cin haƙƙin talaka tafiya ɗaya suke yi. Wannan fahimta ce ta sa har yau ake ambaton Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, da ƙarancin abin da ya bari a gidansa na Gwammaja. Kuma ya inganta a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai rarar abin hawa ko rarar guzuri ya mayar da shi ga wanda ba shi da shi, ya yi ta lissafa nau'o'in dukiya har sahabbai suka ɗauka ba wanda ke da haƙƙi a kan rarar abin hannunsa. Ma'auni a nan shi ne buƙatar maƙwabci.

In aka zo ga gidajenmu, ba inda kaya suka fi taruwa kamar ɗakin amarya, kuma adalci ne, kafin a soki wannan al'ada, a faɗi hikimar da ke cikinta. Jeren ƙorai da tasoshin tagulla, daga baya kwalla da langa da samira da aka ɗora bisa juna har kusa da rufi, shi ne asusun mace a zamanin da ba ta da banki kuma ba ta fita kasuwa: mallakarta ne ita kaɗai, miji ba shi da iko a kansa, in saki ya zo ta kwashe abinta, in ciwo ko yunwa ta matsa ta aika dillaliya da kwano biyu ta dawo mata da kuɗi, in 'yarta ta isa aure ta rage daga nata ta ƙara mata. Masu bincike irin su Enid Schildkrout a Kano cikin shekarun 1970, da Barbara Cooper a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, sun nuna yadda tattalin arzikin mata ya rataya ga waɗannan kaya, har da tallar da 'yan mata ke yi domin tara su.

Sai dai wannan hujja ta dogara ne ga sharaɗi guda, wato kayan su riƙe darajarsu, kuma sharaɗin ya faɗi alhali al'adar tana nan, ta ma ƙara nauyi. Gadon katakon da aka matse daga dusar itace, da kujerun soso, da kabet, da tangaran da kulolin roba, da labule na yayin bana, duk kaya ne da rabin kuɗinsu ke tafiya tun ranar da 'yan jere suka kafa su; damina biyu ta isa ta kumbura katakon, yayi ɗaya ya isa ya sa dillaliya ta ƙi ɗauka. Ga shi uba yana sayar da gona ko fili, abin da darajarsa ke hauhawa, domin ya sayi abin da darajarsa ke zubewa, ba don komai ba sai gudun abin da 'yan ganin ɗaki za su faɗa. Nauyin ya kai matsayin da, lokacin da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, sai da ta haɗa da sayen gado da katifa, domin an gane cewa kayan ɗaki na daga cikin abubuwan da ke tsare aure.

Shari'a kuwa ba ta ɗora wa kowa wannan ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, abin da ya lizimci amarya shi ne ta yi kayan ɗaki bisa al'ada gwargwadon sadakin da ta karɓa kafin tarewa, ba fiye ba. Duk abin da ya haura wannan, urfi ne muka ƙirƙira da hannunmu. Akwai kuma wani abu da ya kamata ya tsorata mai tunani: kayan da aka mallaka don amfanin gida ba a fitar musu da zakka, saboda haka dukiyar da aka juya ta zama turamen atamfa a ƙasan akwati ta fita daga hannun mai ita ba ta amfane shi ba, kuma ta fita daga rabon miskini. Duk wanda ya taɓa halartar rabon gado ya ga wannan da idonsa, sa'ad da ake buɗe akwatunan mamaciya a tsakar gida, a ɗago turmin Holan da takardarsa ba a ko ɓare ba, a warware shi a tarar layin ninki ya koɗe, asu ya huda shi, alhali a cikin masu zaman makokin akwai 'yar'uwarta da ta shekara da zane biyu.

Saboda haka rage kayan da ya dace da mu ba na ranar shara ba ne, na ranar saye ne, kuma ba daga ɗakin matar talaka zai fara ba. Masu hali su ne suke kafa yayi, akwatunan lefensu ake ƙirgawa a unguwa, su ne kuma za su iya ragewa ba tare da an ce rashi ne ya sa su ba. In attajiri ko basarake ko babban malami ya aurar da 'yarsa da gado da tukwane da abin da za ta yi amfani da shi haƙiƙatan, ya juya ragowar kuɗin zuwa fili da sunanta, ko zinariya, ko jarin sana'a, ko kuɗin karatu, ya kuma bayyana wa dangi abin da ya yi a fili, to ya cika manufar da kakanninmu mata suka yi jere dominta, wato mace ta shiga gidan miji da abin da zai tsaya mata ranar wuya. Iyaye mata, waɗanda su ne gori ke faɗa wa kai tsaye, ba za su iya sauke wannan kaya su kaɗai ba, sai limaman da ke ɗaura aure da masu unguwanni sun tsaya musu a bainar jama'a.