Mujiyar Atina da masu tara kuɗin Girkawan dā

Kalmar dirhami, wadda malamanmu suke karantawa a babin zakka, asalinta daga Girka take. Larabawa sun karɓe ta daga dirakma, sunan kuɗin azurfar da biranen Girkawa suka riƙa bugawa tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ba su ne suka ƙago buga kuɗi ba, mutanen Lidiya ne, a yammacin Turkiyya ta yau, suka riga su. Amma Girkawa ne suka mai da shi alamar gari: tsibirin Egina ya ɗora kunkuru a kan nasa, Korinti doki mai fukafukai, Atina kuwa mujiya.

Bahaushe zai yi mamakin wannan zaɓi, domin a wurinmu kukan mujiya bisa soro ba abin so ba ne. Su kuwa mutanen Atina sun ɗauke ta tsuntsuwar Atena, wadda suke bauta wa a matsayin uwar hikima. Sulensu mai dirakma 4 yana da nauyin giram 17 da ɗan ɗori, azurfarsa kuma daga ramukan Loriyon take, inda bayi ke haƙa. A shekara ta 483 kafin haihuwar Annabi Isa aka faɗa kan wata jijiya mai albarka, Temistokil ya shawo kan jama'a a ƙera jiragen yaƙi da ita maimakon a raba, jiragen da suka karya rundunar Farisa a Salamin shekaru 3 bayan haka. Kowane sule da hannu aka buga shi: maƙeri ya aza ƙwayar azurfa tsakanin hatimi biyu ya doka da guduma. Shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi daidai, kuma wannan bambancin ne ke jan ran masu tarawa.

A Turai sarakuna ne suka fara riƙon wannan sha'awa da gaske. A 1776 Luwi na 16 na Faransa ya saye tarin Joseph Pellerin, tsabar kuɗi fiye da 30.000, aka zuba su a taskar sarki da ke Paris. Tsakanin 1792 da 1798 wani limamin kirista na birnin Biyana, Joseph Eckhel, ya fitar da littafi mai juzu'i 8 inda ya jera kuɗaɗen bisa yanki da gari, daga nan abin ya tashi daga ado ya zama ilimi. Inda kasuwa ta buɗe kuwa ƴan jabu ba su nisa. Bajamushe Carl Wilhelm Becker, wanda ya rasu a 1830, ya sassaƙa hatimai da ƙwarewar da ta ruɗi manyan masu saye, har ga shi yau jabun nasa ma ana tara su.

Idon attajirai a kan azurfa yake, musamman manyan sulallan Sirakusa na tsibirin Sisiliya waɗanda gwanaye irin su Kimon da Ewainetos suka sa wa suna. Tagulla an daɗe ana raina ta, alhali ita ce kuɗin cefane. Kafin zuwanta ƙananan ƙwayoyin azurfa sun yi ƙanƙanta har mutane kan jefa su cikin baki in za su kasuwa. A Atina obol 6 ne dirakma 1, ƙwandalar tagulla 8 kuma obol 1. Azurfa takan yi tafiya har Masar da Farisa, tagulla ba ta cika nisa da garinsu ba, saboda haka in an tono ta takan faɗi su wa suka zauna a wurin, da kuma yaushe. Mai neman sanin rayuwar talaka ya fi samun amsa a jikin baƙar ƙwandala da tsatsa ta ci.

Sai dai amsar tana ga ramin da aka tono, kuma nan ne sha'awar tarawa take yin ɓarna. A 1984 wasu mutanen ƙauye kusa da Elmali, a kudancin Turkiyya, suka haƙo tukunya mai sulallan azurfa kusan 1.900 waɗanda aka binne a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki akwai 14 masu dirakma 10 na Atina, kowane ya haura giram 40, irin waɗanda kafin ranar 13 kacal aka sani a duniya. Dokar ƙasar ta ce abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, amma aka fitar da su a ɓoye, mafi yawa suka faɗa hannun attajirin Amurka William Koch da abokansa. Ɗan jarida Özgen Acar ya bi sawu ya tona asirin, Turkiyya ta kai ƙara kotun tarayya a Boston a 1989. Shekaru 10 aka yi ana ja kafin a mayar da guda 1.661 a 1999. Sauran sun watse a kasuwa, kuma babu masanin da ya ga yadda suke kwance cikin tukunyar a ranar da aka fito da ita.