Kamun kifi da fatsa: yadda ake zaɓen koton yaudara na kifin bass

Kifin bass na cikin kifayen da masu fatsa don nishaɗi suka fi nema a duniya, kuma akasari ana kama shi ne da koton yaudara. Wannan koto abu ne da aka ƙera da roba ko katako ko ƙarfe don ya yi kama da abincin kifi, aka maƙala masa ƙugiya. Faransawa na kiransa leurre. Shagunan kayan kamun kifi na sayar da ɗaruruwan samfura, kuma sabon shiga kan zuba kuɗi a kan waɗanda ba za su taɓa kama masa komai ba. Abin da ya fi raba mai komawa gida da kifi da mai komawa hannu rabbana shi ne sanin ruwan da za a jefa fatsa a ciki: zurfinsa, haskensa, ɗuminsa, da abin da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Wane kifi ne bass?

Wanda aka fi sani shi ne mai faɗin baki, da masana ke kira Micropterus salmoides. Asalinsa daga gabashin Arewacin Amurka ne. A Faransa, inda aka kai shi tun ƙarshen ƙarni na 19, ana ce masa black-bass. An kuma zuba shi a tafkuna da madatsun ruwa na Maroko, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Kenya da Japan. Wanda aka saba kamawa bai cika wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Mafi girma da aka amince da shi a hukumance ya ɗan haura kilo 10: George Perry ya kama shi a jihar Jojiya ta Amurka a 1932, sannan Manabu Kurita ya kama kwatankwacinsa a tafkin Biwa na Japan a 2009.

Bass mafarauci ne mai kwanton ɓauna. Yana laɓewa a cikin ciyawar ruwa, ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, gindin duwatsu ko inuwar gada, yana jiran ƙananan kifaye, kwaɗi, jatan lande da ƙwari. Yana gani sosai, kuma a gefen jikinsa akwai wani layi da yake jin motsin ruwa da shi ko da a cikin duhu. Kowane koton yaudara an yi shi ne don ya ja idonsa, ko ya taɓa wannan layi, ko duka biyun.

Iri biyar da suka wadatar

Na farko shi ne tanar roba da danginta, waɗanda ake kira leurres souples da Faransanci. Nick Creme ne ya fara ƙera ta a jihar Ohayo a 1949. Ita ce mafi araha, kuma tana aiki kusan duk shekara. Hanyar ɗaurin da ta fi yaɗuwa, wadda ake danganta ta da jihar Texas, ita ce a zura dalma mai siffar harsashi a zare, a soka ƙugiya a kan tanar, a mayar da tsinin ya ɓuya cikin jikinta. Da haka take ratsa ciyawa da rassa ba tare da ta sarƙe ba. Ana jan ta a hankali a ƙasan ruwa, ana ɗagawa ana saki.

Na biyu shi ne kifin katako ko na roba mai tauri, poisson nageur da Faransanci. Wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa na farko a 1936, kuma har yau sunansa ne a kan ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan sana'a. A gaban wannan koto akwai leɓe, shi ne ke sa shi nutsewa da karkaɗa jiki idan ana ja. Gajeren leɓe na tsayar da shi a cikin mita ɗaya na saman ruwa. Dogon leɓe na kai shi mita uku zuwa shida. Yana da amfani wajen bincika wuri mai faɗi da sauri, amma ƙugiyoyinsa masu baki uku na saurin kama ciyawa.

Na uku shi ne cokali mai juyawa, cuiller tournante. Injiniya André Meulnart ya fito da sanannen samfurin Mepps a Faransa a 1938. Wanda aka fi yi wa bass amfani da shi yana da waya lanƙwasasshiya: cokali a sama, ƙugiya ɗaya mai gezar roba a ƙasa. Ko a shagunan Faransa, spinnerbait ake rubutawa a kwalinsa. Wayar na kare ƙugiya daga sarƙewa, kuma jan sa bai buƙatar ƙwarewa: a jefa, a naɗo zare a kai a kai.

Na huɗu shi ne kan dalma mai geza, da ake kira jig. Ƙugiya ce mai nauyi a kai, da gezar roba da ke buɗewa a cikin ruwa. Yana kwaikwayon jatan lande mai rarrafe a ƙasa. Ana sauke shi dab da itace ko dutse, inda manyan kifaye ke fakewa. Yana buƙatar haƙuri, domin sau da yawa kifi na ɗaukar sa ne yana cikin nutsewa, kuma alamar kawai ita ce zaren ya yi ɗan motsi ko ya saki.

Na biyar shi ne koton saman ruwa, leurre de surface. Wani yana da baki mai rami da ke fantsama ruwa idan an fizge shi, wani yana tafiya dama da hagu, wani kuma kwaɗon roba ne da ke bi ta kan ganyen bado. Kuskuren da aka fi yi da shi shi ne fizgar sanda da zarar an ga ruwa ya fashe. Ana jira ne sai an ji nauyin kifin a hannu.

Tambayoyi huɗu kafin a ɗaura koto

Ta farko: a wane zurfi kifin yake? Da asuba da kuma dab da magariba bass na matsowa bakin gaɓa don farauta, a nan koton saman ruwa da cokali ke yin aiki. Idan rana ta take, yakan koma inuwa ko ya sauka ƙasa, sai a koma ga tanar roba, kan dalma ko kifin roba mai dogon leɓe.

Ta biyu: ruwan garau yake ko gurɓatacce? A ruwa mai haske, karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma gaskiya ce tsagwaronta. Ana zaɓen launukan da suka yi kama da halitta, kamar kore mai duhu, ruwan ƙasa da ruwan azurfa, tare da siririn zare. A ruwan laka kuwa kifi ya fi dogara da motsi da inuwar abu, don haka baƙi, shuɗi mai duhu ko rawaya mai ƙyalli sun fi fitowa. Siffar cokali ma na da tasiri: mai faɗi kamar kwabo ya fi girgiza ruwa, ya dace da laka, siriri mai kama da ganye ya fi walƙiya, ya dace da ruwa garau.

Ta uku: ruwan na da ɗumi ko sanyi? Jikin kifi na bin zafin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Selsiyos, bass na rage cin abinci kuma ba ya bin abu mai gudu, sai a rage sauri a tsawaita tsayawa. Wajen digiri 15 zuwa 20 yake shigowa wuri marar zurfi ya yi ƙwai, namijin na gadin sheƙa. A lokacin zafi ne koto mai sauri ke samun kasuwa.

Ta huɗu: me ke cikin ruwan? Inda ciyawa da rassa suka yi yawa, koto mai ɓoyayyen tsini ake so. Inda ƙasan yashi ne ko tsakuwa, ana iya sakin mai ƙugiyoyi a fili.

Girma da nauyi

Ƙa'idar ita ce koto ya yi daidai da abin da kifin ke ci a wannan ruwa. Tanar roba mai tsawon santimita 10 zuwa 15, da kifin roba mai santimita 5 zuwa 10, sun isa yawancin wurare. Cokali da kan dalma an fi sayar da su a nauyin giram 7, 10 da 14, kuma na giram 10 shi ne tsaka-tsaki. A jikin kowace sandar fatsa ta zamani an rubuta nauyin koton da take iya jefawa. Wuce wannan iyaka na iya karya sanda, kasa kai ta kuma na hana jifa yin nisa.

Giwan ruwa da tsage

Ba a san kogunan Neja da Binuwai ko tafkin Cadi da kifin bass ba, amma mafarautan kifayen yankin na faɗawa irin wannan yaudara. Giwan ruwa, wanda ake kira capitaine a Nijar, Cadi da Kamaru, yana kai wa kifin roba da manyan koton roba mai laushi hari, kuma masu fatsa na tafiya takanas tafkin Nasser na Masar da kogin Faro na arewacin Kamaru don nemansa. Bambancin shi ne ƙarfi. Giwan ruwa na iya haura kilo 100, saboda haka koton ya fi girma, kuma sai an tabbatar ƙugiyoyi da zobbansu masu kauri ne, don na bass miƙewa suke yi. Tsage kuma na son cokali mai walƙiya da ake ja da sauri, sai dai haƙoransa na datse zare, dole a sa guntun waya tsakanin zare da koto.

Doka da kula da ruwa

A Faransa ba a yin fatsa a koguna da tafkunan gwamnati sai da katin izini, carte de pêche. Dokar ƙasa ta hana riƙe black-bass da bai kai santimita 30 ba a ruwayen da aka ware a rukuni na biyu, kuma wasu jihohi sun ƙara tsawon ko sun rufe kamu a lokacin ƙwai. A Amurka kowace jiha da nata lasisin. Mayar da kifi ruwa da rai ya zama al'ada tsakanin masu neman bass, kuma danne ƙayar ƙugiya da filaya na sauƙaƙa cire ta daga bakin kifi, ko daga yatsan mutum idan tsautsayi ya faɗa.

Ɗaukar bass daga wani ruwa zuwa wani babban haɗari ne. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna idan an kai su inda ba asalinsu ba, domin yana cinye ƙananan kifayen gida. Yagaggiyar tanar roba da guntun zare kuma a koma da su gida, don kifi na haɗiye robar, tsuntsaye na sarƙewa a zaren.

Jakar sabon shiga

Fakiti biyu na tanar roba, ɗaya kore mai duhu ɗaya baƙi, da ƙugiyoyi da dalmarsu. Cokali biyu na giram 10, fari da rawaya. Kifin roba biyu, mai gajeren leɓe da mai dogo. Kan dalma ɗaya, koton saman ruwa ɗaya, da filaya. A duba kaifin ƙugiya kafin kowace fita, a ajiye roba mai laushi a cikin ledarta nesa da rana don kada ta narke. Idan an shafe kusan rabin awa ba a ji komai ba, a fara da sauya zurfi da saurin ja, sannan wuri, kafin a zargi launin koto.